Ɗakin Gwaggo Tumba da Kwana Ashirin

Aminu, Saratu, Nana, wannan babin ne na fi daɗewa ina ɗagawa. Na rubuta muku ƙuruciyata a Talata Mafara da shekarun karatuna ba tare da wahala ba, amma duk ranar da na iso kan shekarar da na yi a Bakura sai in samo wa kaina wani abin yi. Kun san labarin yadda mahaifiyarku, Allah Ya jiƙanta, take ba da shi, cewa babanku ya rasa aiki saboda ya faɗi gaskiya. Ba ƙarya ta yi ba. Sai dai takan tsallake kwana ashirin daga tsakiyar labarin, ni kuma ban taɓa gyara mata ba, domin yadda take faɗa ya fi daɗin ji. Yanzu da ba ta nan, ina ganin gara ku ji shi cikakke daga wurina, ko da yake ban tabbata kuna bukatarsa ba.

Kun san ilimin ƙasa na karanta a jami'a, na kuma koyar da shi har gashina ya fara fari. A shekarar da nake magana, wata ƙungiyar agaji ta zo da wani tsari da ya burge ni tun ranar da na ji shi. A unguwannin Bakura da ke kusa da fadama, duk damina sai gidajen ƙasa sun zube, mutane su kwashi tabarmi su koma azuzuwan firamare, sannan a zo ana raba musu barguna. Ƙungiyar ta ce me zai hana a riga ruwan. Za a ba wasu daga cikinmu wayoyi, mu bi gida-gida tun da bazara, mu ɗauki hoton bango, wayar ta riƙe daidai inda gidan yake, mu cika 'yan tambayoyi. Wata kwamfuta a Gusau za ta duba hotunan, ta gane tsagewa da zaizayar gindin bango, ta raba gidajen kala uku. Ja shi ne gidan da ake tsoron ba zai kai kaka ba, za a kawo masa siminti da bulo da kwano da magini. Rawaya a sa ido. Kore lafiya lau. Har yau ina ganin tunani ne mai kyau, kuma ba na so ku karanta wannan ku ce na'ura ce ta yi laifi. Abin da muka nuna mata shi ta gani.

Ranar horo, wani matashi mai suna Injiniya Kabiru, wanda shi ne shugaban aikin, ya ce mu riƙa ɗaukar bangon gida daga ƙasa har sama. Na tuna wata tambaya ta taso mini a lokacin, wane bangon? Amma ni ne mafi tsufa a ɗakin, sauran duk sa'o'in ɗalibaina ne, yatsunsu na gudu a kan waya, ni kuwa ina neman inda ake kunnawa. Na ji tsoron kada in yi tambaya a yi dariya. Na haɗiye ta. Aka ba mu takarda muka sa hannu cewa ba za mu ba kowa wayar ba, ko na minti ɗaya, saboda sunayen mutane da ke ciki. Na karanta takardar sau biyu kafin in sa hannu.

Na kama ɗaki ɗaya a Bakura, sai Juma'a nake hawa babur in dawo gida. Ban taɓa zaman kaɗaici irin na watannin nan ba. Lokaci ne da kowa ke tsoron masu kai wa 'yan bindiga rahoto, ga kuma baƙo yana yawo yana ɗaukar hoton gidajen mutane. Mai unguwa ya yi shela a masallaci, ya bayyana ko ni wane ne, amma shela ba ta cire abin da ke zuciya. In na zauna wurin mai shayi sai hira ta mutu, a koma maganar farashin taki har in tashi. A sahu ana matsa mini wuri, ba a hana ni, amma bayan sallama kowa sai ya sami abin da yake sauri. Nakan ci abincina a ɗaki, ƙofa a buɗe, ko wani zai leƙo. Ba na zargin su. Wataƙila ni ma da haka zan yi.

Yadda nake aikin shi ne yadda kowane ɗa namiji mai tarbiyya zai yi. In tsaya a ƙofar gida in yi sallama. Mai gida ya fito mu gaisa, mu tambayi iyali da gajiya da zafi. In ja da baya in ɗauki zaure da katangar gaba, sau uku, domin ina tsoron ɗaya ya yi duhu. Sannan in tambaya yaya ɗakunan ciki. Amsa ɗaya ce daga farkon unguwa har ƙarshenta.

"Alhamdulillahi, Malam. Sai godiya."

Sai in danna wurin da aka rubuta lafiya. Ba a shiga gidan matan aure, kowa ya sani, wasu ma sun rubuta da gawayi a jikin zaure. Ban taɓa ƙetare bakin ƙofa ta biyu ba, kuma a lokacin ina ɗaukar hakan a cikin abubuwan da nake yi daidai.

Mutum ɗaya ce take yi mini hira a garin. Gwaggo Tumba, wata tsohuwa da ke sayar da daddawa da kuka a ƙarƙashin dalbejiyar da ke kusa da masaukina. Daga wani ƙauye ta fito a ƙasar Maradun, bayan an tashe su, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da ɗa a raye. Tana zaune a gidan ɗan wanta, Malam Bawa. Ita ba ta tsoron kowa, ko kuma ba ta da sauran abin da za a ƙwace mata. Ita ta raɗa mini sunan da ya bi ni har na bar garin.

"Malamin bango, an tashi lahiya? Yau bango nawa ka aura?"

"Gwaggo, hoto ne kawai nake ɗauka."

"To ka ɗauke ni mana. Ni ma na tsage ta ko'ina."

Nakan tsaya in sayi daddawar da ba ni da inda zan dafa, don dai a yi mini magana. Mahaifiyarku ta sha tambayata me za ta yi da wannan tulin daddawa.

Na gama aikin, na tura, aka rufe rajista. Gidajen da suka fito ja ba su da yawa, har Injiniya ya yaba da tsabtar hotunana a gaban sauran. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai aka yi ruwan farko. Washegari na tarar da Gwaggo tana shanya garin kuka da ya jiƙe, ta ce tunda ina yawo cikin gari, in na ga inda ake sayar da gwafa mai ƙwari in gaya mata, irin sandar nan mai baki biyu da ake tokare abu da ita. Na ce me za ta yi da gwafa.

"Bangon ɗakina. Biyu na tokara mai, yanzu ta uku shika so. In na kwanta ina ganin gari ta wurin tsagar, ba sai na hita ba."

Ta faɗa tana dariya. Na koma ɗaki na buɗe wayar, na nemo gidan Malam Bawa. Kore. Ga hotuna uku da na ɗauka da hannuna, zaure mai sabon yaɓen siminti, an shafa masa shuɗin fenti, indararo sabo. Yana cikin gidajen da suka fi kyau a unguwar. Na daɗe ina kallon hoton. Sai na fara wuce sauran koraye ɗaya bayan ɗaya, ina ganin abin da na sani tun ina yaro amma ban taɓa haɗa shi da aikina ba. Mutumin ƙasarmu in ya sami buhun siminti ɗaya, fuskar gida yake kaiwa, inda baƙo zai gani, inda masu neman aure za su zauna. Ciki kuwa sai a yi haƙuri. Ni kuma na zagaye unguwa uku ina ɗaukar daidai wurin da aka gyara domin a rufa asiri.

Da la'asar na je wurin Malam Bawa. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku riƙe wannan. Iyalai uku ya karɓa daga Maradun a kan nasa, bai taɓa kai ƙara wurin kowa ba. Na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce ko akwai wani ɗaki a ciki da yake ganin ruwa zai iya taɓawa. Ya dube ni, fuskarsa ta canza.

"Wa yac ce maka?"

"Babu kowa. Na ce dai ko da akwai."

"Gidana lahiya lau shike, Malam. Ba ka ɗauki hoto nai ba?"

Na yi masa sallama na tafi. Na gane cewa in na matsa, zai san daga inda maganar ta fito, kuma baƙuwar da ta tona asirin mai masaukinta tana iya rasa ɗakin ko bangon bai faɗi ba.

Ranar Juma'a na gaya wa mahaifiyarku duka, tana tsince shinkafa. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba.

"Ku maza mi kunka sani ga gida? Zaure kunka sani. Kai kanka, Malam, yaushe rabonka da duba bayan madahinmu?"

Ban tuna ba. Ta ce abin ai mai sauƙi ne. In ba ta wayar, in nuna mata inda ake dannawa, ta shiga a matsayin mai gaisuwa. Mata za su nuna mata komai, su ne ke kwana a ƙarƙashin tsagar, su ne ke tara kwanoni in ana ruwa. Ta ce gobe Asabar ma ta shirya.

Na ce bari in yi tunani.

Daga nan kwana ashirin ɗin suka fara. Ba zan iya cewa ban san abin da ya kamata ba. Na sani tun ranar. Amma na sa hannu ba zan ba kowa wayar ba. In kuma na je na ce aikina ba daidai ba ne, na ce na kowa ba daidai ba ne ke nan, domin duk maza ne muka yi shi, duk a ƙofar gida muka tsaya. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila tsohuwa ce take ƙara gishiri. Wataƙila gidan Malam Bawa ne kaɗai. Wataƙila damina za ta zo da sauƙi. Na rubuta wa Injiniya takarda sau huɗu, kowace ta fi ta baya laushi, ta ƙarshen har ni da na rubuta ban gane me take nema ba. Ban aika ko ɗaya ba. Na sayi gwafa na kai wa Gwaggo, ta yi ta sa mini albarka, na ji kamar na yi wani abu. Daga baya na canza hanya, na daina bi ta gindin dalbejiya, don kada ta ba ni labarin bangon. Da haka na rasa mutum ɗaya tilo da take gaishe ni a garin, kuma da ƙafata na guje mata. Duk hadarin da ya haɗu ta gabas, sai in tsaya a ƙofar ɗakina ina kallonsa ina addu'a ya wuce.

Asabar ta huɗu, na fito zan ɗumama babur, na tarar da mahaifiyarku a zaune a kansa, da hijabinta da jakarta.

"Ban ce na yanke shawara ba, Kulu."

"Na sani. Ka yanke bisa hanya."

Kwana biyu ta yi tana shiga gidaje, ni ina tsaye a inuwa nesa da ƙofa kamar mai jiran bashin gaisuwa. Ba ta iya ɗaukar hoto ba, kusan kowanne da babban yatsanta a gefe. Amma abin da ke cikin hotunan a fili yake. Bangaye da suka rabu da juna har hannu na shiga. Azara da gara ta cinye. Ɗakin Gwaggo Tumba, wanda a da na awaki ne, can ƙuryar gida inda ruwan tsakar gida ke taruwa, gwafa uku na riƙe da shi, ta ukun ita ce tawa. Mahaifiyarku ta fito daga gidan. Ta miƙo wayar kawai.

Ranar Litinin na shiga mota zuwa Gusau. Na faɗa wa Injiniya Kabiru komai, har da cewa na ba matata wayar. Ya daɗe yana wuce hotunan, sannan ya ajiye ya rufe fuskarsa da hannu.

"Baba, gidanmu ma haka yake. Zauren ne kawai na siminti."

Ya yi abin da zai iya. Ya sa aka buɗe rajista, aka zuba hotunan mahaifiyarku, kwamfutar ta mayar da gidan Malam Bawa ja cikin ƙiftawar ido, da wasu da dama. Ya ce motar kaya za ta ɗauki mako biyu kafin ta iso. Ya kuma gaya mini, yana kallon ƙasa, cewa maganar ba da wayar ba a hannunsa take ba, dole ya rubuta ta. Sauran abokan aikin aka ce su sake nasu cikin ruwa da taɓo, kowa ya nemo mace a danginsa. Yawancinsu ba su sake amsa gaisuwata da sakin fuska ba. Da wa'adina ya ƙare ba a sabunta ba. Wannan ɓangaren kun san shi.

Kwana biyar da dawowata daga Gusau aka shiga marka. Ranar Asabar bayan azahar bangon ya zube. Allah Ya sa Gwaggo tana ɗakin matar Malam Bawa tana fakewa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Tukwanen daddawarta da akwatinta da tabarmarta suna ƙarƙashin ƙasa. Motar siminti ta iso bayan kwana tara. Na sha yin wannan lissafin, ba na bukatar takarda. Da na tafi Gusau a Litinin ɗin farko, da motar ta riga faɗuwar bangon da kwana goma sha biyu, kuma maginin ya ce mini mako ɗaya ya ishe shi. Ina iya cewa komai da lokacinsa, kuma gaskiya ne, na yi imani da haka. Amma ni na san abin da nake yi a kwanakin nan. Takarda nake gyarawa.

Ba wanda ya kori Gwaggo. An shimfiɗa mata a ɗakin 'yan mata, inda suke kwana su da yawa har ƙafar na bakin ƙofa tana waje. Sai dai unguwa duka ta ji cewa ɗaki ya faɗi a bayan shuɗin zauren nan, ta kuma ji cewa wata baƙuwa ta shiga ta ɗauki hoto. Malam Bawa ya daina zama a majalisa. Kafin motar ta zo, Gwaggo ta shiga motar kasuwa ta koma Maradun.

Na bi ta can da kaina. Na same ta a barandar wata firamare da aka sauke masu gudun hijira, da hantsi, tana tsinke ganyen zogale a faifan aro. Ta gane ni tun daga nesa.

"Malamin bango. Har nan? Nan bangon gwamnati na, ba ya son hoto."

Na durƙusa muka gaisa. Na gaya mata siminti ya zo da sunanta, za a gina mata ɗaki na bulo mai rufin kwano, ta shirya in mayar da ita. Ta ci gaba da tsinke ganyenta.

"A gina wa Bawa. Ya yi iya nai, yaron ga. Ni na sa anka ga cikin gida nai."

"Gwaggo, ba laifinki ba ne."

"Ban ce laihi ba. Na ce dai ba ni komawa."

Na ce to ta zo Mafara, muna da ɗaki, Kulu za ta yi murna. Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba.

"Can ma baƙuwa nike, ɗan nan. In bango ya tsage ba ni iya hwaɗi. Hanya ta lafa in koma ƙauyenmu. Ko kango na tarar, nawa na."

Da zan tafi ta ƙulla mini zogale a leda, ta ce in kai wa mai ɗaukar hoto da yatsa. Sannan ta ce na yi ƙoƙari, Allah Ya saka mini, ba kowa zai je har Gusau saboda tsohuwa ba. A nan ne ya kamata in gaya mata maganar kwana ashirin. Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne amin.

Bayan kaka na sake komawa. Yara sun dawo azuzuwansu, an share barandar. Wani ya ce ta koma ƙauye, wata ta ce an ga mai kama da ita a tashar Gusau. Na bar lambar wayata a wurin mutum uku. Ba wanda ya kira.

An gina ɗakin. Shi ne mafi ƙwari a gidan Malam Bawa, na ji albasa yake ajiyewa a ciki, kuma har yau ɗakin Gwaggo suke ce masa. A shekarar da ta biyo, ƙungiyar ta ɗauki mata aiki, su ke shiga da wayoyin, kuma ina jin ɗakuna da yawa sun tsaya saboda haka, ko da yake ba ni da tabbacin nawa ne. A taswirar kwamfutar gidan ya koma kore. Gwaggo ba ta taɓa kwana a ɗakin ba.

Abin da na so ku sani ke nan. Mahaifiyarku ce ta hau babur, ni tuƙawa kawai na yi. Hoton ɗakin yana nan cikin akwatina, na sa an wanke shi, za ku gane shi da gwafa uku da yatsanta a gefen hagu.

Akwai kuma wani ɗan abu, wataƙila bai kai a rubuta ba. In kun zo hutu kukan same ni a zaure, na sa an yi masa fenti bara, kun ce ya yi kyau. Kukan tambaye ni jiki da gida in ce Alhamdulillahi, kuma haka zan ci gaba da cewa, ban iya wata amsar ba. Ba na so in takura muku, na san kuna da ayyuka. Amma in kun sami lokaci, kada ku tsaya a nan. Ku wuce ciki ku duba.